Lemun Bankwanan Baba

Ko na so in manta, ba zan taɓa mantawa da walimar bankwanan Baba ba. Lokacin an rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan, kusa da garin Arlit, inda yake aiki, abokan aikinsa suna ta ɗaure kaya, wannan zai koma Maraɗi, wancan Damagaram. Baba ya ce kafin a watse sai sun ci abinci a gidansa sau ɗaya, a kuma sha abu mai sanyi.

Ni kuwa na zo hutu daga jami'ar Yamai, ina karatun kimiyyar sinadarai, kaina ya yi girman tukunya. Da na ga ƙanƙarar da aka sayo ba ta kai ba, sai na ce a bar mini. Na jera kwalaben lemu cikin rabin ganga, na farfasa ƙanƙarar a kai, na zazzage gishirin Inna kaf. Har da lacca na yi mata (ba ta tambaye ni ba): gishiri yana tilasta wa ƙanƙara narkewa, narkewa kuma sai da zafi, don haka za ta zuƙe na kwalaben. Na ƙara da cewa komai na duniya son warwatsuwa yake yi, shi malamanmu ke kira antirofi. Inna ta ce to, ita dai gishirinta.

Lissafina daidai ne. Abin da na manta shi ne in tsamo kwalaben da wuri, da kuma cewa ruwa in ya daskare kumbura yake yi.

Ana cikin cin shinkafa aka fara jin fas! fas! daga zaure. Kwalabe suna fashewa. Na tsamo waɗanda suka tsira, na kai wa baƙi. Baba bai san abin da ke faruwa ba, ya miƙe da fara'arsa ya ce, "Ga 'yata Hadiza, ita ta sanyaya shi da ilimi." Ya buɗe kwalba, lemun ya daskare a hannunsa kowa na kallo. Ya kafa kai, ko ɗigo bai sauko ba.

Dattawa suka yi ta tsotsar bakin kwalba cikin zafin Arlit. Gumur, tsohon direban bas ɗin ma'aikatarsu, Buzu ne mai kirki, ya girgiza tasa ya ce, "Malam Isa, yarinyarka ya iya, har ya wuce."

Aka yi dariya, Baba ma ya yi, amma na ga idonsa. Wallahi na so ƙasa ta tsage. Washegari aka fara tafiya, kuma mutanen nan ba su sake haɗuwa wuri ɗaya ba. Wannan ne ke cina har yau.

Tun daga nan, kowace dabara sai na gwada ta kan kwalba ɗaya. Baba bai taɓa tada maganar ba. Sai dai duk ranar da na miƙa masa ruwan sanyi, yakan ce, "Ba ni na randa, Malama. Shi bai je jami'a ba."