Rawanin Kakan Dagaci

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ci mutuncin kakan mutum a gaban jama'a ba, alhali rawanin kakan ne a kaina.

Shekarun da arzikin mai ya ɓarke ne, ana buɗe firamare a kowane ƙauye, ana ba duk wanda ya iya riƙe alli aikin koyarwa. Daga Ƙanƙara aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Faskari, dagacin garin ya ba ni ɗaki a gidansa. An gaya mini malamin da na gada, magana ɗaya dagacin ya yi aka sallame shi. Don haka kullum a ɗarare nake, ko tari ba na yi da ƙarfi.

Da bikin ƙarshen shekara ya matso, hedimasta ya ce in shirya wasan kwaikwayo na tarihi. Na sami wani tsoho a kasuwa, Baba Ilu, ya ba ni labarin mai garin da ya yi zamanin wata babbar yunwa. Wai gida-gida ya bi yana kwashe hatsin rumbuna, ya kulle a gidansa, yara na kuka. Labarin ya yi mini daɗi, na ƙara masa gishiri: bulala, dariyar mugunta, da tumbin matashin kai. Kuma na ce ni zan fito a azzalumin.

Rawani ne ba ni da shi, sai na roƙi dagaci aro. "Wasan mai garin zamanin yunwa za ku yi? Madalla da wanga yaro!" Ya shiga da kansa ya ɗauko wani tsohon rawani daga adaka, yana ta murna. (Mai hankali zai tambayi dalilin murnar. Ni godiya kawai na yi.)

Ranar biki da hantsi filin makaranta ya cika. Na fito ina taƙama, ina daka wa 'yan aji shida tsawa su kawo damman gero. Aka kwashe da dariya da tafi, amma daga ɓangare ɗaya kawai. Ɓangaren dagaci tsit. Sai na ɗauka ƙarfin wasan ne bai isa ba, na ƙara zage damtse wajen mugunta. Hedimasta yana ta yi mini alama da hannu, na zaci jinjina ce.

Sai wata tsohuwa, gwaggon dagaci, ta miƙe tana dogara sanda. "Malam, ubana ne kake wa haka! Iri ya ɓoye. Da bai amshe ba da an cinye shi ƙaf. Ruwan hwari na sauka ya raba ma kowa. Wa ya hwaɗa maka wagga ƙarya?"

Na juya wajen Baba Ilu, ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Ashe gidansu ne suka nemi sarautar a wancan zamani suka rasa. Ina tsaye, gumi na bin rawanin, matashin kan ya zame ya faɗo tsakanin ƙafafuna. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Kwana uku akwatina a ɗaure, ina jiran sallama. A na huɗu dagaci ya kira ni zaure. "Malam, ba inda za ka tahi. Baɗi za ka sake wasan, kuma kai za ka fito."

Na sake kuwa. Tsoro ya sa na mayar da marigayin waliyyi, har na sa shi yana kuka yana ba marayu abincin bakinsa, abin da ko gwaggo ba ta ce ya yi ba. Aikina ya tsira, gidan Baba Ilu suka daina amsa gaisuwata. Bawan Allah yana kabarinsa, na yi masa ƙarya sau biyu, kuma duka biyun an tafa mini.

Tun daga nan, in tsoho zai ba ni tarihin wani sarki, sai na fara tambayarsa: "Baba, ku wane gida ne?"