Sarƙar da Kafil Ya Yi Mini Odar Ta

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da aka haifa mini 'yata ta fari, ba don haihuwar kaɗai ba, har da tsiyar da bakina ya ja mini. A lokacin ban daɗe da fara tuƙi a gidan wani Balarabe a Doha ba. Larabcina bai wuce "yalla" da "khalas" ba, Turancin kuwa irin na lallaɓawa ne.

Da na gaya wa kafil ɗina, wato Balaraben da nake yi wa tuƙi, an yi mini haihuwa a Zariya, ya yi murna sosai, ya dafa kafaɗata yana "Mabruk, mabruk!" Ni kuwa tun daga nan na fara jiran kyauta (kada ku zarge ni, abokaina masu gadi a Lusail sun cika mini kunne da labarin kyautar Larabawa).

Washegari muna kan hanyar Al Mirqab, ya gama wata doguwar waya, sai ya leƙo daga baya ya tambaye ni da Turanci: bel ko sarƙa, wanne ya fi?

Daɗi ya kama ni. Na saci kallon bel ɗin wandona, wanda duk ya ɗaɗɗaye, na ce a raina lallai mutumin nan ya lura. Amma wane wawa ne zai ɗauki bel ya bar sarƙa a ƙasar zinariya, ga mai jego a gida?

Na ce, "Sarƙa, yallaɓai."

Ya ce, "An ce tana da nauyi."

Na ce, "Ai mai nauyin ita ce mai kyau."

"Kuma duk unguwa sai an san da ita."

"Yallaɓai, a wajenmu abin da ake so ke nan!"

Ya ɗan dube ni ta madubi, ya tambaya ko na san kan irin waɗannan abubuwa. Na buga ƙirji na ce tun ina yaro nake ganin su a gidanmu. Ya ce, "Khalas. Ranar Alhamis za a kawo, kai za ka karɓa."

Ina ajiye shi na kira matata Hauwa, na yi mata albishir ɗin sarƙar zinariya. Da na yi shiru a nan ma da sauƙi, amma har da cewa mai nauyi ce, kada ta bari ta yi mata ciwon wuya. Kafin la'asar labari ya gama dangi.

Ranar Alhamis na sa farar kaftanina, na fesa turare. Ina hango wata motar kaya ta tsaya a ƙofar gida, na danna wa Hauwa kiran bidiyo don ta gani da idonta. Ashe ba ita kaɗai ba ce: ga surukata Inna, ga ƙannen Hauwa, ga 'yan barka, kowa ya cusa kai cikin waya.

Mutum biyu suka sauko da wani dogon kwali, sai nishi suke. Hauwa ta ce, "Abban Ummi, duk wannan akwatin nata ne?"

Na ce, "Haka suke yi a nan, don tsaro." (Allah Ya yafe mini.)

Suka wuce ni suka nufi gareji, na bi su ina haska musu waya. Aka farke kwali. Ga inji, ga dogon ƙarfe, ga wata baƙar sarƙa shafe da giris, kamar ta babur amma ta ninka ta tsawo. Sai a lokacin na tuna injin da ke ɗaga ƙofar garejin ya kwana biyu da lalacewa, ni da kaina nake ɗaga ta da hannu kullum.

Can na ji muryar Inna a hankali tana tambayar 'yarta, "Hauwa, wannan a wuyan wa za a rataya ta?"

'Yan barka suka kwashe da dariya. Na nemi wajen kashe kiran, yatsana ya ƙi samun sa.

Ana cikin haka kafil ya fito, ya gan ni cikin kaftani ina zufa. Da na yi masa bayani da guntun Turancina, ya yi dariya har ya jingina da mota. Sannan mai haɗa injin ya ce ai mai bel ba ya ƙara, mai sarƙa kuma ƙarfi gare shi amma akwai ƙugi. Ɗakin mahaifiyar kafil kuwa a saman garejin yake. Nan take aka mayar da sarƙata mota, aka ce a kawo mai bel. Wato ko a shawarar ƙofar ma ban ci ba.

Hauwa ta ɗauki kwanaki tana amsa gaisuwata a taƙaice. Da na samu hutun Juma'a, ƙafata ta kai ni kasuwar zinariya na sayo mata wata 'yar siririya, wadda sai ka matso za ka gan ta.

Yanzu ko shayi aka ce in zaɓa, da madara ko babu, sai na fara tambaya: na wa ne, kuma me za a yi da shi? Kuma ba na kiran gida sai na buɗe kwali ni kaɗai.