Hukumar Kwashe Macizai ta Tudun Aduwa

A wani daji da ke bakin hamada, inda inuwar itace guda ba ta isar zomo biyu, dabbobi masu hali suka gaji da cunkoson kurmi, suka yanke shawarar gina sabuwar unguwa. Suka zaɓi wani tudu mai duwatsu saboda iskarsa. Suka ture duwatsun, suka ja katanga, suka kafa rumbuna, kowane gida da randarsa a gindin bango. Aka raɗa wa wurin suna Tudun Aduwa. A duk zaman da aka yi kafin ginin, babu wanda ya tambayi su wa ke kwana a ƙarƙashin duwatsun.

Ba a yi damina biyu ba amsar ta zo da kanta. Rumbu ya jawo ɓeraye, randa ta jawo sanyi, kububuwa kuwa ba ta ƙin ko ɗaya daga ciki. Sai aka wayi gari matar gida ta kai hannu za ta ɗauki moɗa, ta tarar da mai wurin na asali a kanannaɗe.

A gefen unguwar akwai wata tsohuwar bushiya, Inna Gwamma. Gidanta ba katanga, kuma ba a gayyatarta biki, amma kowa ya san hanyar ƙofarta. Idan maciji ya shiga gida ita ake kira. Kayan aikinta biyu ne, doguwar sanda mai gwafa da tulu mai murfi. Takan ce a kwashe yara, kowa ya ja baya taku goma, a yi shiru. Sai ta kwantar da tulun a gefe, ta sa sandar a hankali ta karkata macijin zuwa bakinsa. Maciji na son duhu, shi da kansa yake shigewa. Ta rufe, ta ɗauka, ta kai shi wasu duwatsu da ke bayan rafi, ta sake shi a bakin kogo. In ta dawo sai ta nuna wa maigidan ramin da ke gindin katangarsa da tsabar da ke zube a bakin rumbu, ta ce a toshe, a share. Yawanci akan ce mata to, a ba ta ruwa ta sha, a manta.

Shekara bakwai tana wannan aiki ba a sari kowa ba, don haka babu wanda ya ɗauke shi a bakin aiki.

Wata rana da hantsi aka ga maciji a zauren Yalwa, jiminar da ke shugabantar majalisar unguwa. Gwamma ta zo ta ɗauke shi kamar yadda ta saba. Amma Yalwa ta riga ta yi gudu a gaban baƙi, kuma gudun jimina ba ya ɓoyuwa. Kashegari ta kira taron gaggawa.

“Jama'a,” in ji ta, “abin da ya faru jiya ba ni aka yi wa ba, kujera aka yi wa. Ku dubi unguwa kamar wannan, mai katanga da tsari, a ce tsaronmu yana hannun tsohuwa guda da tulu. Wa ya naɗa ta? Wa take kai wa rahoto? In ta kwanta ciwo fa? Dole a sa abin nan bisa ƙa'ida.”

Wani dila mai suna Jatau, wanda bai taɓa kusantar maciji ba amma ya halarci tarurruka da yawa a kan macizai, ya miƙe ya gyara murya.

“Ranki ya daɗe, kin cire mini maganar daga baki. Matsalar maciji matsala ce mai rassa. Akwai ɓangaren ganowa, akwai ɓangaren tantancewa, akwai ɓangaren wayar da kai, sannan can a ƙarshe akwai ɗan abin da ake kira kamawa. Ita wannan baiwar Allah na ƙarshen kaɗai ta sani. Ina ba da shawara a kafa hukuma, kuma ko da yake ayyuka sun yi mini yawa, ba zan ƙi hidimar jama'a ba.”

Kafin azahar an kafa Hukumar Kwashe Macizai, Jatau ne shugaba. Dokarta ta farko ita ce babu mai taɓa maciji sai da lasisi. Don a nuna adalci, aka ce Gwamma ma ta zo ta zauna jarrabawa.

Jatau ya tambaye ta, “Inna, mene ne maciji?”

Gwamma ta dube shi. “Ɗan nan, in ka gan shi za ka gane shi.”

“A ilmance nake nufi. Rabe-rabensa nawa ne?”

“Biyu. Akwai wanda ya ga hanyar fita, akwai wanda aka tare wa hanya. Na biyun ne ke sara.”

Ta faɗi jarrabawar. Aka karɓe sandarta, aka yi mata ado da jar fata da tuntaye, ta zama sandar girma ta shugaban hukuma. Tulun kuwa aka bar mata, don ba wanda ya ga amfaninsa.

Wanda ya fara ɗanɗana sabon tsari wani zomo ne, Nomau, mai 'ya'ya tara. Da safe matarsa ta ga kububuwa a bayan randa. Ya kulle iyalinsa a ɗaki guda, ya sheƙa ofishin hukuma. Can ya tarar da kunkuru, magatakarda, yana goge hatimi.

“Maciji a gidana! Yarana na ciki!”

“Sannu,” in ji kunkuru. “Namiji ne ko mace?”

“Ban tambaya ba.”

“Tsawonsa kamu nawa?”

“Malam, ka ce in je in auna shi?”

“Ni ban ce ba, takarda ce ta ce. In an bar gurbi ba a cike ba, ba ta wucewa.”

Nomau ya ce mace ce, kamu uku, don dai a wuce wurin. Aka ce ya dawo jibi. Ya bi ta bayan gari ya je wa Gwamma, yana haki.

“Inna, ki taimake ni don Allah.”

“Nomau, sun karɓe sandar. Kuma an ce duk gidan da na shiga za a rufe shi. Abin da za ka yi, kada kowa ya je kusa da randar, kada ka jefe ta, ka bar ƙofar baya a buɗe. Watakila ta gaji ta fita.”

Kwana huɗu iyalin Nomau suna ɗaki guda, ga randa cike da ruwa suna kallonta ta taga, ƙishirwa na cinsu. A rana ta biyar hukuma ta iso, da makaɗi a gaba da ma'aikata shida a baya. Jatau ya tsaya a waje, ya yi wa maƙwabta jawabi a kan muhimmancin haɗin kai. Ma'aikatan suka ɗaura sanduna uku suka yi doguwa guda, suka sunkuci kububuwar daga nesa. Nan aka tsaya cirko-cirko, don ba wanda ya taɓa tunanin inda za a kai ta. Duwatsun bayan rafi da nisa, rana ta take, abar kuma tana mutsu-mutsu a kan sanda. Sai suka cilla ta bayan katanga.

Bayan katangar Nomau kuwa tsakar gidan zabuwa ne.

Zabuwa ta cike takarda, ta jira kwana huɗu, aka zo da kiɗa aka cilla macijiyar gidan kurege. Daga gidan kurege ta faɗa gidan gafiya. Haka aka yi ta yi, gida bayan gida, har layin ya ƙare aka juyo ta ɗaya gefen. Kafin wata na biyu ya mutu hukuma ta ba da rahoton ta kwashe macizai goma sha ɗaya, abin da tsohuwar bushiya ba ta taɓa yi a wata biyu ba. Majalisa ta ce wannan ya cancanci biki.

Aka shimfiɗa tabarmi a gindin babbar aduwa, daidai bayan katangar gida na goma sha ɗaya. Yalwa ta tsaya a kan tabarmarta, ta miƙa wuya, ta fara karanta yabo. Tana tsakiyar kalmar “jajircewa” sai aka ji wata ƙara daga ƙasa, shuu, shuu, kamar ana rairayar tsaba a faifai. Kowa ya duba. Tsakanin ƙafafun shugabar, kububuwa ce ta fito daga ƙarƙashin tabarma, ta naɗe jikinta tana goga shi da juna, kanta a ɗage.

Makaɗi ya saki gangarsa. Yalwa ta sandare, wuya a sama, ido a ƙasa.

“Jatau,” ta ce, ba tare da ta buɗe baki sosai ba, “yi aikinka.”

Jatau yana riƙe da sandar girma da hannu biyu. “Ranki ya daɗe, ba a cike takarda ba tukuna.”

“Namiji ne ko mace?” in ji kunkuru, don shi abin da ya sani ke nan.

“A kira Gwamma,” in ji Yalwa.

Ba a yi nisan kira ba. Tana can ƙarshen taro inda ba tabarma, tulunta a gefe, ta biyo hanya za ta rafi. Ta matso taku kaɗan ta tsaya.

“Ranki ya daɗe, ba ni da lasisi.”

“An ɗage dokar.”

“Ba a ɗage doka sai da ƙuri'a,” in ji kunkuru. “Masu goyon baya su ɗaga hannu.”

“Duk wanda ya ɗaga hannu kusa da ita,” in ji Gwamma, “shi ya sani.”

Yalwa ta ce, “To, wanda ya amince a ɗage dokar, kada ya motsa.”

Tun da aka kafa majalisar Tudun Aduwa ba a taɓa samun ƙuri'ar da baki ya zo ɗaya kamar wannan ba.

Gwamma ta zare sandarta daga hannun Jatau, ta tsinke tuntayen ta yar. Ta kwantar da tulun a gefe, ta durƙusa.

“Marka, ke ce? Kin rame.”

“Ni ce, Inna,” in ji kububuwar. Sai ta juya kai wajen taron. “Tunda yau na samu majalisa a tsaye, bari in faɗi nawa. A ƙarƙashin dutsen da yake nan a da aka haife ni, inda kuka shimfiɗa tabarmar nan. Kuka ture shi, ban ce komai ba. Inna ta kai ni bayan rafi, na zauna lafiya, har fari ya kore ɓerayen can, na biyo su nan inda kuke ciyar da su. Kusan wata biyu ke nan ana cilla ni kamar tsumma. Gida goma sha ɗaya na kwana, in ban da na farko ban zaɓi ko ɗaya ba. Haƙarƙarina biyu sun goce a gidan kurege. Duk da haka ban sari kowa ba. Wanda ya matso, in goga jiki in yi masa ƙara, ya ji ya ja da baya. Dafin nan da wuya ake tara shi, ba na son ɓarnatar da shi a kan abin da ba zan iya haɗiyewa ba. Na ji an ce macizai goma sha ɗaya aka kwashe. Ina so a nuna mini sauran goman, mu gaisa.”

Gwamma ta sa gwafar a hankali ta karkata ta, Marka ta sulale cikin tulu, aka rufe. Sai a lokacin Yalwa ta sauke wuya, ta zauna daɓas.

Da numfashi ya dawo wa jama'a, bakin Jatau ma ya dawo.

“Ranki ya daɗe, kada mu bari ruɗani ya rufe mana ido. A natse a duba. Wa aka sara yau? Babu. Me ya tarwatsa biki, ya tsorata yara, ya zubar da kwarjinin kujera a bainar jama'a? Ƙarar nan. Da ba ta yi ƙara ba, da yanzu mun gama taro lafiya, kowa ya tafi gida da farin ciki. Binciken hukuma ya nuna cewa tushen firgici a unguwar nan shi ne ƙara. Ina ba da shawara a haramta ta.”

Yalwa, wadda kwarjinin kujera ya fi komai damunta a lokacin, ta ce ta ga hikima a ciki.

“Ranki ya daɗe,” in ji Gwamma, “ƙarar nan ita ce ta hana ki taka ta. Ku toshe ramuka, ku share tsaba, ku bar mata ƙararta.”

“An ɗage doka ne don kamu,” in ji kunkuru. “Kamu ya ƙare. Mara lasisi ba ya ba da shawara.”

Wannan karon aka ɗaga hannu, har da masu ɗaga biyu. Nomau kaɗai ya bar nasa a ƙasa. Kunkuru ya matsa kusa da tulun, ba sosai ba, ya karanta wa Marka sabuwar doka: daga yau, duk kububuwar da ta yi ƙara a cikin Tudun Aduwa ta yi laifi, kuma ta sanar da danginta.

Murya ta fito daga cikin tulun.

“Ko an kusa taka mu?” in ji Marka.

“Doka ba ta ware ba.”

“To. Mu masu biyayya ne. Zan faɗa musu.”

Gwamma ta ɗauki tulun ta kai bayan rafi, ta sake ta a bakin kogo mai inuwa. Da ta dawo ba ta ko zauna ba, ta naɗe tabarmarta ta kama hanyar tsohon kurmi. A mararraba ta tarar da Nomau da matarsa da 'ya'ya tara, kowa da ƙunshi a ka.

“Ina zuwa, Nomau? Kai da ka gina gida mai katanga?”

“Inna, duk inda kika sauka, a nuna mini fili kusa.”

Jatau ya samu lambar yabo, aka sassaƙa masa sabuwar sanda wadda ta fi ta da tsawo. Hukuma ta ƙara ma'aikata huɗu da makaɗi na biyu. Tun daga ranar ba a sake jin ƙarar kububuwa a Tudun Aduwa ba, unguwa ta yi tsit yadda ake so. Har ungulu, wadda a da ko kallon wurin ba ta yi, ta zo ta nemi fili ta yi gini.