Ranar da Na Share Tafkin Jabi

Ina cikin kwale-kwale da ɗalibaina, ina zuba musu lacca kan yadda roba ke kashe kifi, sai ga robobin lemo reras a kan ruwa.

"Kun ga aikin jahilai? Ku kwaso!"

Matuƙinmu ya ce, "Oga, ai waɗannan..."

"Malam, ni na karanci harkar nan."

Kowace roba da igiya a wuyanta, da kaina na yanke su. Muna ɗaukar hoto wani tsohon masunci ya iso yana salati: ashe su ke riƙe da ragarsa, yanzu ta nutse. Har la'asar muna lalube.

Yau shekara biyu, ko ruwan roba na saya sai wani malami ya ce, "Sarkin Ruwa, a kawo wuƙa?"