Yadda Za Ki Gasa Kek da Yashin Kakarki Ba Tare da Kin Ce Ta Fi Ki Ba

'Yar'uwa, idan kin je birni kin yi difloma a fannin girke-girke, kin dawo gida Faskari da takarda a leda da doguwar farar hular masu girki, sannan kika tarar kakarki ko a jikinta, to darasin nan naki ne. Ki bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Na ba ki tabbaci: kek zai tashi, 'yan birni za su lashe yatsu, ajinki kuma ba zai zube ko ɗigo ba. An gwada hanyar a kan wata yarinya mai suna Mansura, ɗiyar Alhaji Nata'ala, kuma har yau tana nan da ranta.

Mataki na 1: Ki cika baki tun ba a tambaye ki ba

Kada ki jira a ba ki aiki. Ki fizge shi.

Ranar da mata suka zauna tsara kayan garar Shafa'atu, ƙanwar Mansura, an ambaci alkaki, an ambaci nakiya da dubulan da cincin. Da aka zo kan kek sai aka rasa mai ɗauka. Gidan ango a Sabuwa yake, amma yayyensa mata duk a Kaduna suke aure, irin waɗanda sai wayarsu ta ga abinci kafin bakinsu ya taɓa shi. Wata ta ce gara a aika Funtua a yo.

"Funtua?" in ji Mansura. "Ina cikin gidan nan? Guda ɗari uku zan yi, kuma sai sun tambayi wa ya yi."

Maganar ta kai kunnen Baba. Ya kira ta ya ce, "To, na ji. Ɗakin nan na bakin zaure da kike ta nacin in ba ki ki buɗe shago, in kek ya yi kyau naki ne. In bai yi ba, masara zan zuba a ciki, ke kuma ki bar min maganar nan har abada."

Idan aka faɗa miki haka, ki ce "Na yarda, Baba" da ƙarfi.

Mataki na 2: Ki raina tsohuwa

Dada, kakar Mansura, ta fi shekara arba'in tana suyar gyaɗa a bayan madafi. Tana da wata tukunyar ƙarfe mai faɗin baki, cike da yashin da ya yi baƙi ƙirin don daɗewa. Ba ta taɓa zubar da shi ba, sai dai ta tankaɗe ta ƙara sabo kaɗan.

"Ke 'yar boko," in ji Dada, "wai mi ne kek in ba burodin da ya yi girman kai ba? In yashi kike so ga nawa nan."

"Tsohuwa, ni da na yi karatu a gaban obin, murhun lantarki mai fitila a ciki, zan sa kek ɗina a wannan kwalta? Yashin nan ai ya girmi Baba."

"Ya girme shi hwa, kuma ya hi shi haƙuri."

Ki yi tsaki a hankali, ki gyara hularki, ki wuce. Bincike ya nuna hular nan tana ƙara wa magana nauyi, musamman idan maganar ba ta da shi.

Mataki na 3: Ki je kasuwa da littafi

Ranar kasuwar Ƙanƙara ki shiga mota da sassafe, littafinki a hammata. Ki tsaya gaban mai fulawa ki ce ya auna miki giram dubu huɗu da ɗari biyar. Zai kalle ki, ya kalli maƙwabcinsa, ya ce, "Hajiya, mudu nawa ke nan da Hausa?"

Kada ki nuna ba ki sani ba. Ki kalli sama kamar mai lissafi, ki ambaci duk abin da ya zo bakinki, ki ƙara biyu.

Ƙwai kuwa ki rungume shi a cinya har gida. Duk ramin da motar ta faɗa, ki tashi sama tare da shi. Mansura ta isa gida bayanta kamar an daka, amma guda uku kawai suka fashe, su ma a kan atamfar matar da ke gefenta.

Mataki na 4: Ki dogara da wutar lantarki

Ki aro obin daga gidan wata malamar asibiti. Ki sa a ɗauko shi a baro da rana tsaka, yadda duk unguwa za ta gani. Ki ajiye shi a tsakar gida, ki goge shi, ki jona.

Sai ki zauna.

Mansura ta zauna tun hantsi har la'asar. Wuta ta zo sau ɗaya, ta daɗe kamar atishawa. Kafin ta gama fasa ƙwai na biyu an ɗauke. Dada ta zo ta leƙa cikin obin ɗin, ta ƙwanƙwasa gilashinsa ta ce, "Kai, akwati mai kyau. Halan nan za ki riƙa ajiye takardar taki, ɓera ba ya shiga."

Saura kwana biyu a kai gara.

Mataki na 5: Ki koma ga yashi, amma naki na masu ilimi

Yanzu dole ta sa kin sauko, amma ki sauko a tsaye. Kada ki kalli tukunyar Dada. Ki tafi rafi da kanki ki ɗebo sabon yashi fari tas. Da yake an koya miki tsafta, ki wanke shi da garin sabulu sau uku. Ki shanya shi awa ɗaya, ki taɓa samansa ki ji ya bushe, ki yarda da shi.

Ki kwaɓa bota da sukari da muciya har hannunki ya mutu. Ki zuba ƙwai, ki zuba fulawa da bakin hoda mai sa kek tashi, ki shafe gwangwanayen madara da mai, ki zuba kwaɓin, ki jera su a kan yashin a cikin tukunya, ki rufe, ki hura wuta.

Bayan awa guda Mansura ta buɗe. Tururi ya buso mata fuska. Yashin ashe cikinsa jiƙe yake, bai gasa komai ba, turarawa ya yi. Kek arba'in suka fito fari fat, sun kwanta luɓus, suna ƙamshin sabon wanki.

Shafa'atu ta ɗanɗana, idonta ya ciko. "Yaya, wannan za a kai gidan su Anti Zulaihatu, yayar ango?"

Dada ta gutsira, ta tauna a nutse. "Madalla. Alala mai sukari. In mutum ya ci ma ba sai ya wanke baki ba."

Ki ce gwaji ne. Duk abin da ya lalace a hannun mai difloma sunansa gwaji.

Mataki na 6: Ki rama da wuta

Tunda laima ce matsalar, ki danna itace har tukunya ta yi ja. Wannan karon ƙasan zai zama gawayi, saman ya zauna ɗanye yana kallonki. Ki kai wa awaki. Za su shinshina su juya baya.

A nan an yarda ki shiga ɗaki ki yi kuka na minti biyar, da sharaɗin ki cire hular tukuna. Mansura ta yi nata, ta wanke fuska ta fito, ta tarar Baba tsaye a bakin ɗakin zaure yana auna faɗinsa da taku, yana lissafin buhu nawa zai ci. Ta leƙa buhun fulawa. Abin da ya rage na kwaɓi ɗaya ne, babu na kuskure.

Ta kalli hannayenta, duk sun ƙone sun yi kanta. Ta ce a ranta, shekara biyu ta yi tana tashi kafin kowa a makaranta, ta sha garin kwaki ba sukari, ta ci jarrabawa a lokacin da ake cewa ɗiyar ƙauye ba za ta iya ba. Masara ba za ta kwana a ɗakin nan ba.

Mataki na 7: Ki ari yashin ba tare da kin roƙa ba

Wannan shi ne zuciyar darasin, ki natsu.

Da safe bayan an gama karin kumallo, ki bi ta bayan madafi kamar wucewa za ki yi. Ki yi tuntuɓe da tukunyar, ko da tana can jikin bango. Sannan ki ce:

"Dada, tukunyar nan taki ta tare hanya. Bari in matsar miki da ita."

"Ina za ki kai ta?"

"Nan kan murhu. Ya fi sarari."

Tsohuwa za ta dube ki daga sama har ƙasa. Ki jure. Dada ta ce, "To, tunda kin matsar, hura mata wuta kada ta ji sanyi." Ta jawo kujerarta 'yar tsugunne ta zauna kusa, wai rana take sha.

Daga nan duk abin da ta faɗa, ki yi shi, amma ki ce "Dama shi zan yi." Da yashi ya ɗau zafi, Dada ta jefa ƙwayar gyaɗa ɗaya a ciki. Ta ce in ta yi ƙamshi tana fara dafewa a hankali, wuta ta yi daidai. In ta yi baƙi nan take, a janye itace. Dama shi za ki yi. Ta ce a janye harshen wuta a bar garwashi. Dama shi za ki yi. Ta ce a kwashi garwashi a zuba a kan murfi don sama ta samu rabonta.

"Wannan babu shi a littafi," in ji Mansura, bakinta ya suɓuce.

"Mai littahin bai taɓa soya gyaɗa ba."

Da aka ɗaga murfi, kek sun taso sun yi tozo, ja-ja kamar bayan masa. Ga wani ƙamshi da Mansura ba ta zuba ba: gyaɗar shekara arba'in da ɗan hayaƙi, sun ratsa bota sun zauna. Shafa'atu ta ci ɗaya, ta sa hannu za ta ɗauki na biyu aka buge hannun.

Zubi bayan zubi, har bayan azahar. Ɗari biyu da tamanin da shida suka samu. Idan an tambaye ki, ɗari uku ne. Ba wanda ke ƙirga kek a gidan biki.

Mataki na 8: Ki kai su Sabuwa da ransu

Ki jera su a kwalla, ki sa tsabtataccen zane tsakanin kowane hawa. Kada ki yarda direba ya ɗaura su a but ɗin mota tare da buhun shinkafa. A cinya za ki riƙe. Hanyar Sabuwa ba ta san difloma ba, kuma direba sauri yake don kowa na son a je a dawo da sauran rana. Ki yi addu'a, ki manne kwallar a ƙirji. Dada tana gefe tana ɓare gyaɗa, ko gezau.

Mataki na 9: Idan 'yan birni sun tambayi sirrin, ki ce na makaranta ne

A tsakar gidan ango aka baje kaya. Anti Zulaihatu, babbar yayar ango, ta zo da gilashinta da wayarta. Ta ce ita fa duk wani gidan kek na Kaduna ta san ƙofarsa. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ɗauki hotonsa, ta gutsira kaɗan don kada a ce ta ƙi.

Ta sake gutsira, wannan karon da gaske.

"Wa ya yi wannan? Ke ce? Ƙanwata, wane filebo kika sa? Wallahi na zaga ban taɓa jin irinsa ba. Kamar gyaɗa, kamar ba gyaɗa ba. Daga waje ake kawo shi?"

Ga amsar da za ki bayar, ki haddace ta: "Sirrin makaranta ne, Anti." Ki yi murmushi ki gyara mayafi. Shi ke nan, kin gama, ajinki ya tsira.

Sai dai a nan Mansura ta ɓata min tsari. Ta buɗe baki ke nan, Dada ta riga ta.

"Ai ɗiyar tawa karatunsa ta yi," in ji tsohuwa, tana kallon matan Kaduna ɗaya bayan ɗaya. "Shekara biyu a birni. Takarda gare ta mai tambari. Mu mi muka sani, mu da ke suyar gyaɗa?"

Ba zolaya a muryarta ko kaɗan. Da gorin da ta saba ne, da Mansura ta san yadda za ta rama. Wannan kuwa ba ta da makaminsa.

"Anti, ba filebo ba ne," ta ce. "Yashin Dada ne. Na tukunyar gyaɗarta. Ni kwaɓi kawai na iya, ita ta iya wuta."

Tsakar gida ta kaure da dariya da salati. Anti Zulaihatu ta durƙusa gaban Dada. "Hajiya Dada, don Allah a sam min ko gwangwani ɗaya in tafi da shi."

"Tahi ki ɗebo naki a rahi, ki soya gyaɗa shekara arba'in. In kin gama ki zo in duba miki."

Kafin su taso, Anti Zulaihatu ta karɓi lambar Mansura, ta ce ana sa ran sunan jikanta nan da wata biyu, kuma ba ta son na kowa sai wannan. Labari ya riga su isa Faskari. Da suka sauka, mabuɗin ɗakin zaure yana rataye a ƙusa, masara kuma tana rumbu inda ta saba.

Sanarwa

Mai wannan darasi ba ta ɗauki alhakin fulawar da kika ɓata ba, ko ƙunar hannu, ko awakin da suka daina gaishe ki. Idan kakarki ba ta da yashi, wannan matsalar danginku ce. Idan kin bi matakai takwas daidai sannan kika rushe a na tara, kada ki neme ni, ban san maganinsa ba.

Masu yaɗa cewa wai ni ce Mansura kuma, su zo su faɗa a gabana. Ina shagon bakin zauren Alhaji Nata'ala kullum daga hantsi. Za ku ga difloma a bango cikin gilashi. A ƙarƙashinta akwai baƙar tukunya, da wata tsohuwa a kujera da ta ce rana kawai take sha. Ku fara gaishe ta, in ba haka ba ba za a sayar muku ba.