Rasuwar Mai Araha, Madubin Bindigar Gidan Kuchel

"Girgiza shi kusa da kunnenki," in ji Baba.

Na girgiza.

"Me kika ji?"

"Kamar tsakuwa a cikin gwangwani, Baba."

"To shi ke nan. Ki sanar da mutane."

Don haka, da zuciyar da baƙin ciki ya yi wa nauyi, a madadin iyalan Neville Kuchel na gonar tumaki da ke kan hanyar Underbool, ni Tamsin, autarsu kuma wadda ta rage a gida, ina sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar madubin bindigarmu, ɗan bututun nan da ake leƙawa a auna abin harbi daga nesa, wanda aka fi sani da Mai Araha. Ya rasu da yammacin Alhamis a filin kiwon da ke bayan tafki, ana tsakiyar haihuwar tumaki, bayan doguwar jinyar da ya sha shi kaɗai, ba magani, ba mai yi masa ko sannu. A bakin aiki ya cika. Bai kuma tafi shi kaɗai ba, amma zan zo kan wannan a gaba.

Ba mu san ƙasar da aka haife shi ba, don rubutun jikin kwalinsa babu mai iya karantawa a gidanmu. Ya zo mana a shekarar farin nan da mutane suka riƙa harbe tumakinsu saboda babu abin ba su, zomaye kuma suka lashe ɗan tsiron da ya rage. Ina yarinya a lokacin. Baba ya sa ni a a-kori-kura muka tafi garin Ouyen. Mai shago ya jera madubai uku a kan kanta. Na farko a cikin akwati mai laushin ciki yake kwance kamar ɗan sarki, kuɗinsa kuwa ya isa ciyar da garkenmu har ruwa ya sauka. Na biyu matsakaici ne. Na uku yana cikin kwali, ƙura ta yi masa hula.

Baba bai saurari dogon bayanin mai shago a kan gilashi ba. Ɗaukarsu ya yi ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa, ya auna allon mashayar da ke can ƙarshen titi, inda ake rubuta abincin rana da alli. Da na farko ya karanta: gasasshen naman rago da dankali. Da na biyu ma haka. Da na uku ya ɗan jima, ya murza, ya sake murzawa, sannan ya ce gasasshen naman rago da dankali, kuma wanda ya yi rubutun ya kamata a mayar da shi makaranta. Mai shago ya gargaɗe shi cewa wannan na ƙaramar bindiga ne, na harbin zomo, kada a ɗora shi a kan abin da ya fi ƙarfinsa. Baba ya ce ai shi ma mai ƙaramar gona ne, sun dace da juna. A hanyar komawa ya raɗa masa suna.

Marigayin mai haƙuri ne, mai kawaici, mai gudun duniya. Ya sha zafin Janairu, tsakiyar bazarar ƙasarmu, a bayan kujerar mota, ya sha jan yashin da ke shiga har cikin burodi, ya sha sanyin da ke daskarar da raɓa a kan waya, gilashinsa bai taɓa yin gumi ba. Kalma ɗaya ya sani a duniya, ita ma sai Baba ya sa bakin tsabar kuɗi ya murza masa saiti yake faɗinta: ƙas, ƙas, ƙas. Da wannan sautin na girma. Na karanta littattafai da yawa da jarumansu ke da takubba masu suna, ana yi musu kirari shafi bayan shafi, amma ban ga wanda ya yi wa ubangidansa biyayyar da wannan ɗan bututun ya yi wa Baba ba. Ranar da aka fara bari na leƙa cikinsa, bindigar ba harsashi, sai duniya ta zama zagaye, da siririn gicciye a tsakiyarta kamar tagar coci, a ciki kuma wani aku mai jan ƙirji yana gyara fiffikensa a kan shinge, bai san da ni ba. Na yi kuka. Baba ya ce in kuka zan yi in ba shi abinsa, gishiri na cin ƙarfe.

Duk wanda ya bi ta hanyarmu ya ga shaidar aikinsa. Diloli ne a rataye a jikin wayar shinge ta ƙafar baya, kamar yadda kowane gida ke yi don maƙwabci ya san ba barci kake ba. Kawu Merv Hoffrichter, maƙwabcinmu, wanda madubinsa ya fi motarsa tsada, yakan rage gudu ya ƙirga su, sannan ran Lahadi ya tare Baba a ƙofar coci ya tambaye shi a wace kasuwa yake sayo su.

Masu ta'aziyya su sani, don su gane girman rashin, cewa akwai tsohuwar magana tsakanin Baba da Mama. Mama ta daɗe da gajiya da tumaki. Burinta a ba masu noman alkama hayar filin, su koma birnin Mildura kusa da asibiti da jikokinta. Baba ya yi mata alkawari: muddin yana iya tsare 'yan raguna daga dila, tumaki na nan; ranar da ya kasa, ba sai ta buɗe baki ba. Gidanmu duka a kan wannan alkawarin yake tsaye, alkawarin kuma a kan ƙaramin madubi mai araha.

Ciwon ajali ya fara ne a wannan kakar. Diloli suka yi yawa, suka kuma yi wayo. Sun gane iyakar inda ƙaramar bindiga ke kaiwa, sai su zauna can gaba kaɗan suna kallonmu kamar 'yan kallon wasa. Kowace safiya sai mun tsinci ɗan rago, wani a mace, wani da ransa an cinye masa harshe, uwar na tsaye a kansa tana kira. Baba ya ciro babbar bindigar marigayi wansa, Kawu Clarrie, wadda ba ta da madubi. Kuɗin sabo kuwa ya riga ya tafi a abincin dabbobi. Sai ya kwance Mai Araha daga inda ya rayu, ya ɗaura shi a kan babbar.

Kawu Merv ya gani ya girgiza kai. "Nev, bindigar nan shuri take kamar jaki. Za ta kakkarya masa hanji."

"Baƙin ciki ne ke cin ka, mutumina," in ji Baba. "Naka ya cinye maka rabin gona, bai kuma fi nawa gani ba."

Mai Araha bai ce ba zai iya ba. Ya karɓi shuri na farko, da na biyu, da waɗanda suka biyo, kowanne yana girgiza masa abin da ba a gina don girgiza ba. Sai harbi ya fara kaucewa hagu da faɗin tafin hannu. Baba ya murza, ƙas, ƙas. Washegari ya kauce dama. Baba ya ɗora wa iska, daga baya ya ɗora wa harsashi, daga nan kuma ya daina ɗora wa kowa. Na riƙa ganinsa a tagar kicin, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu yana duban injin iskar da ke jan ruwa, ya sauya ya rufe ɗayan. Ya daina tuƙi da almuru. Mama ta gani, duk ranar da ta je kanti sai ta dawo da kwalaye babu komai ciki na shirin ƙaura, tana jibge su a ɗakin wanki. Wayar shingenmu ta zauna fayau, Kawu Merv ya daina rage gudu.

Yanzu na zo inda nake gudu.

Akwai wata tsohuwar tunkiya da ke jan garkenmu, muna kiranta Misis Pfeiffer saboda kukanta sak muryar dattijuwar da ke jan waƙa a coci. Duk shekara tagwaye take haifa, duk ƙofar da ta bi garke ya bi. Da yammacin Alhamis, rana na dab da faɗuwa, muka same ta bayan tafki ta haifi ɗaya tana kwance tana naƙudar na biyu. Dila yana ta kewaya na farkon, wanda ko tsayuwa bai iya ba. Baba ya kashe mota, ya ɗora bindiga a kan ƙofa. Ina gefensa. Na ga ya ja numfashi ya riƙe, ya daɗe fiye da yadda ya saba, sannan ya harba.

Dila ya yi tsalle ya ruga, lafiyarsa lau. Misis Pfeiffer ta ajiye kanta a ƙasa a hankali, kamar mai neman gafara.

Rabon da in ga Baba yana gudu na manta. Ya isa gare ta, harsashin a wuya ya same ta. Ya zaro wuƙa ya farke cikin, ya ciro na biyun, ya share masa hanci, ya hura masa iska da bakinsa, ya goge shi da rigarsa har rigar ta rine. Ɗan ragon bai numfasa ba. Baba ya zauna a ƙasa tsakanin uwa da ɗa, bindigar na can yashe a yashi. Ni na ɗauki na farkon na sa shi cikin rigar sanyina. Ban san abin da ake ce wa uba a irin wannan wuri ba. Littattafaina duka babu wanda ya koya mini.

Da safe ya kwance madubin, a nan muka ji kukan tsakuwar. Wani abu ya karye a ciki, gicciyen na yawo yadda ya ga dama. Mama ce ta fara magana, ita da ta tara kwalaye. Ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Ka gani, tsoho. Madubin ne, ba kai ba ne." Ni kuwa, Allah ya yafe mini, murna na yi a kan gawa. Na sumbaci mataccen gilashin don ya wanke Babana.

Da hantsi Kawu Merv ya zo gaisuwa, ɗauke da bindigarsa mai madubin nan mai tsada, ya ce Baba ya riƙe ta har a gama haihuwa. Kamar yadda ake yi kafin a amince da baƙuwar bindiga, ya je ya kafa murfin gwangwani a jikin turken shinge, ya dawo yana tsokana, wai yau Nev zai san bambancin gani da lalube. Baba ya jingina da mota ya sa ido. Muka jira. Kawu Merv ya ci gaba da zolaya, ya ce murfin ba zai gudu ba amma shayi zai huce. Can ya bar zolayar, ya juyo ya dubi Baba.

"Wane turken ka ce?" in ji Baba, bai ɗago ba.

"Na kusa da ƙofa, Nev," in ji Kawu Merv, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ga shi nan yana ƙyalli."

Baba ya ƙara dubawa. Sannan ya zare harsashin, ya miƙa masa bindigarsa hannu biyu, ya ce madubin ya yi kyau, lallai Merv ya iya sayayya. Tunda nake ban taɓa jin ya yabi madubin nan ba. Kawu Merv ya karɓa, ya juya yana gyara wani abu a bayan motarsa da bai lalace ba.

Saboda haka muna roƙon jama'a kada a zagi mamaci. An ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ya ɗauka, an ɗora masa laifi ya ɗauka, alhali rabi ne kawai nasa. Tun yaushe su biyun suke dusashewa tare, kowanne yana rufa wa ɗan uwansa asiri, wannan sai Allah.

Ya rasu ya bar ƙaramar bindiga, abokiyar aikinsa, wadda har yanzu shatin zamansa ke bayanta. Da zobba biyu da suka riƙe shi. Da murfin roba ɗaya na rufe gilashinsa, ɗayan ya riga shi tafiya tun wata ambaliya. Ya bar maraya ɗan rago a cikin ɗaya daga kwalayen Mama kusa da murhu, yana shan madara a kwalba, yana kuka da muryar uwarsa. Ya bar garken da ya tsaya jiya a bakin ƙofa a buɗe ya rasa mai shiga gaba. Ya kuma bar Baba.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, a bayan tafki, gefen ramin da muka sa Misis Pfeiffer da ɗanta. A cikin kwalinsa na asali za a sa shi, Baba ya adana shi duk shekarun nan a saman kabad. Kawu Merv ne zai haƙa. Akwai shayi da kek a gida bayan an dawo. Ba a buƙatar furanni. Wanda zai zo da kare ya ɗaure shi a mota, tumaki na haihuwa.

Muna godiya ga duk waɗanda suka bugo waya da shawarar wanda ya kamata a saya a madadinsa, mai sauƙin kuɗi da jure shuri, har da mai cewa yana da na hannu zai bayar kyauta. Allah ya saka da alheri, amma a dakata haka nan. Yau da safe na fara kawo wa Baba waɗannan shawarwari a wurin karin kumallo, da zumuɗina, ban kai ko rabi ba ya ajiye kofinsa. Ba ni ya kalla ba, Mama ya kalla.

"Ba za a sayi wani ba," ya ce. "Merv zai tsare mana 'yan ragunan har a yaye su. Bayan nan, Glenys, ki kira mutanen alkama."