Yadda Na Tare wa Mai Shayi Faɗa a Kalkata

Ba zan taɓa mantawa ba da yinin da na yi a birnin Kalkata, ko da yake na daɗe ina fatan Sambo shi ya manta. Bai manta ba. Har Allah Ya karɓi ransa, duk taron suna ko ɗaurin aure da ya haɗa mu tsakanin Wurno da Rabah sai ya ba da labarin nan, kuma kowace shekara sai ya ƙara masa gishiri. Gara in faɗa da bakina, ko ba komai zan rage wani abu.

Ni ɗan Wurno ne, kuma ɗan maginiya. Inna tukwane take ginawa, da tuluna da randuna da kasake. Na san yadda ake ɗebo yumɓu a fadama, a jiƙa, a tattake, a gina, a jira ya bushe, a gasa, sannan a ɗora wa jaki zuwa kasuwar Goronyo ana addu'ar kada ya yi tuntuɓe. Saboda haka na tashi ba na iya ganin an wulaƙanta abin yumɓu in yi shiru.

Lokacin yaƙin Bama Turawa suka nemi samari, sunana ya faɗa ciki. Ba zan dame ku da labarin daji ba. Abin da ya shafe mu shi ne na yi watanni ba na cin komai sai shinkafa da naman gwangwani, har na fara mafarkin tuwon gero da miyar kuka. Da aka fito da mu hutu aka ba mu yini guda mu shiga Kalkata, kowa da abin da ya sa gaba. Wasu gada za su gani, wasu hoto za su ɗauka su aika gida. Ni kuwa ci zan yi. (Tun a bariki sunana Ciki, kuma ban taɓa kai ƙarar kowa ba.)

Sambo na maƙale wa. Kofur ne, Bafillacen Rabah, ya taɓa kwanciya wata uku a asibitin soja na garin yana jinyar zazzaɓi, har ya tsinci yaren mutanen. Ya ce mini, "Zan kai ka, amma da sharaɗi. Abin da duk ba ka gane ba, ka tambaye ni. Ka ji, Ciki?" Na ce na ji.

Jama'a, garin nan ci ake yi. Ko'ina ka juya wani yana suya, wani yana gashi, wani yana kirari da kwando a ka. Mun fara da wata shinkafa da ake soyawa ta kumbura kamar gugguru, a cakuɗa ta da albasa da gyaɗa da ɗanyen barkono da wani mai da ke hawa hanci, a ƙulla maka a takarda. Na ci ina atishawa, ban fasa ba. Daga nan muka tsaya wurin mai wasu 'yan ƙwallaye na fulawa masu rami a ciki. Zai huda da babban yatsa, ya cusa dankali, ya tsoma a ruwan tsamiya, ya miƙo maka, kai kuma ka jefa baki gaba ɗaya. Na farko na gatsa shi biyu don nuna ladabi, ruwan ya bi mini gaban riga. Da na gane kan abin, sai da Sambo ya ja ni da hannu. Muka ci wani abu mai zaƙi da ake murɗawa cikin mai, ɗan'uwan alkaki, da wani farin dunƙule na madara da ke iyo a ruwan sukari. Sambo ya ɗanɗana wannan, ya ce da matan Rabah sun san ana yi wa nono haka, da sun bar dama fura.

Wajen la'asar ya hango mai gashin nama a tsallaken titi, da gemu da hula. Ya ce bari ya je ya tabbata Musulmi ne kafin mu ci. "Tsaya nan wajen mai shayi. Kak ka yi komi sai na komo."

Mai shayin tsoho ne siriri, yana zaune gaban murhu da tukunyarsa, da bokitin ruwa a gefe, da wasu 'yan kofuna na jan yumɓu an jera su ɗaya cikin ɗaya, sun yi tsawon kamu biyu. Na nuna da yatsa, ya zuba mini. Shayi ne da madara da citta, mai kauri. Amma ba shayin ne ya kama ni ba. Ina kai kofin baki ƙamshin gasasshen yumɓu ya doki hancina, sai ga ni a bayan ɗakin Inna da safe ana kwashe tukwane daga toka. Shekara biyu ban ji ɗuriyarta ba, ban san ko tana raye ba. Kewa ta taso mini. Na juya kofin, na ga sawun yatsan wanda ya gina shi a gindi.

Ina cikin haka sai na ji tas! Wani mutum mai tabarau da farar riga da lema ya gama shan nasa, ya yi jifa da kofin a gindin bango, dab da ƙafar tsoho. Ko kallonsa bai yi ba. Tsohon ma bai ɗaga kai ba, ni kuwa na ɗauka tsoro ne. Kafin in gama haɗiye wannan, wani ya sake, tas! Na duba gindin bangon, tsingaro ne tuli guda. (Mai hankali a nan zai tsaya ya ce, anya? Ni ban tsaya ba.) Na ce a raina, wato haka masu hali suke yi wa talaka a garin nan, su sha shayinsa su fasa masa kaya.

Ban san lokacin da na cafki lemar mai tabarau ba. Na ce da shi da Hausa, da ƙarfi, "Kai! Tsohon ga mi yai maka? Ka san wahalad da anka sha kahin a gina wanga abu? Ba ka da uwa?" Mutumin ya buɗe baki yana kallona. Ga baƙin soja ƙato, da jirwayen tsamiya a riga, yana ta masa ihu da yaren da bai taɓa ji ba. Mutane suka fara taruwa. Ni kuwa da na ga taro sai kaina ya ƙara girma, na ce yau zan koya wa Kalkata ladabi.

Na shanye shayina. Na durƙusa na tsoma kofin cikin bokitin tsoho, na wanke shi ciki da waje, na ɗauraye, na goge da gefen rigata. Sannan na ɗaga jerin sababbin kofunan na cusa nawa a tsakiya, don kada ya faɗo. Na miƙe na sara wa tsohon irin ta soja, na juya ina duban jama'a, ina jiran yabo.

Tsoho ya ɗora hannu biyu a ka. Ya dubi bokiti, ya dubi kofuna, ya dube ni. Sai ya tashi a hankali ya tuntsurar da ruwan a kwata. Ya dawo ya rungumi jerin kofunan nan gaba ɗaya, sababbi ful, ya kai gindin bango ya sake su. Har yau ina jin ƙarar.

Daidai nan Sambo ya kutso da tsire a hannu biyu. Ya yi tambaya, aka ba shi amsa da baki goma. Ya juyo gare ni.

"Ciki, mi nac ce maka?"

"Hwasa mai kaya suka yi, Kofur."

"Ba wanda yah hwasa mai kaya sai kai. Mutanen ga ba su shan abin da bakin wani yat taɓa. Kohi guda, baki guda, in an gama a yas. Don haka anka gina su. Kai ko ka sa bakinka cikin ruwa nai, ka sa cikin kohuna nai. Yanzu da mi za shi saida shayi?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Ni da na tashi ceton kofi ɗaya, na hallaka jeri guda. Ga shi lokacin tashin ma'aikata ne, lokacin cinikin tsoho, ina gani masu jiran shayi suna juyawa suna tafiya wurin wani. Tukunya cike tana tafasa, babu abin zubawa, babu ruwan ƙari. Na saki lemar mutane (sai a lokacin na lura har yanzu tana hannuna), na tsaya kamar jakin da ya kayar da kaya.

Sambo ne ya cece ni. Ya yi musu bayani da guntun yarensa, yana nuna ni, yana kwatanta ginin tukunya da hannu. Daga baya ya ce abin da ya faɗa shi ne, uwar wannan maginiya ce, kuma ya daɗe bai gan ta ba. Mai tabarau ya fara murmushi. Tsoho ya daɗe yana dubana, sannan ya miƙo mini bokiti ya nuna famfo. Na ruga na cika shi. Da na dawo ya yafuto mu, ya bar wa mai tabarau jiran tukunya, muka bi shi cikin wani lungu.

Tun kafin mu isa na ji hayaƙin, na san inda za mu. Wani ɗan tsakar gida ne, wani dattijo yana juya faifan dutse, kofuna suna fitowa daga hannunsa ɗaya bayan ɗaya, abin da ban taɓa gani ba. Matarsa tana jera su a rana. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, hannunta duk faso, yumɓu ya bushe mata har gwiwar hannu. Mai shayi ya ba ta labari. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce wani abu, Sambo ya fassara: "Ta ce in ba a hwasa ba, su mi za su ci? Ta ce ka riƙa zuwa kullum."

Sannan ta tashi ta matso. Sai da na sunkuya kafin hannunta ya kai fuskata. Ta shafa kumatuna, ta bar mini yumɓu a wurin, ta yi wata magana a hankali. Sambo bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, "Ta ce Allah Shi maishe ka ga uwarka." Na ce amin.

Aka cika kwando da kofuna. Na naɗe hular soja na yi gammo, na ɗauka a ka, don wannan aikin dai na iya shi. Muna fitowa titi sai ga 'yan kamfaninmu huɗu a keken da mutum ke ja, sun dawo daga kallon gada. Suka gan ni. Suka fashe da dariya, kuma kafin magariba duk bariki ya ji cewa Ciki ya kama talla a Kalkata.

Da muka sauke kaya, tsoho ya ɗauki kofi na farko ya zuba ya ba ni. Na sha. Da na gama sai na ga kowa ni yake kallo, har mai tabarau. Jira suke in fasa. Na ɗaga hannu, hannu ya ƙi. Ni da na kwana cikin ruwan harsashi, ga ni tsaye da ɗan kofin da bai kai tafin hannuna ba, na kasa sakinsa. Tsoho ya taso ya kama wuyan hannuna, ya buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Kofi ya faɗi, tas. Suka yi tafi, ni kuwa hawaye na zuba. Na ce wa Sambo citta ce. Ya ce, "I, citta ta," ya miƙo mini tsiren da ya riga ya huce.

Allah Ya amsa addu'ar tsohuwa. Na dawo Wurno na tarar da Inna da ranta, tana tattake yumɓu. Bayan an gama koke-koke na ba ta labarin nan, ina tsammanin za ta tausaya mini. Ta dakata da aiki ta ce, "Kana nuhin kullum sai sun hwasa? Kowa da kowa?" Na ce kullum. Ta ce, "Kuma ka san hanyag garin ga, kat taho ka zamna?"

Tun daga ranar, in na ga ana zaluntar mutum, sai na fara tambayarsa ko ya san ana zaluntarsa kafin in naɗe hannun riga. Kuma ban ƙara wanke wa kowa kwano ba. Mai ɗakina ta ce na farkon darasi ne, na biyun kuwa lalaci ne kawai na samar wa dalili.